Akwati Fanko a Gidan Bi Mwantumu

Masu karatu, ga sallama daga mutumin da ya sha kunya, ya wanke fuska, ya dawo. Na ga saƙonninku. Wadda ta ce bai dace mai furfura a gemu ya zauna yana ba da labarin soyayya ba, na gode, na aske gemun. Wanda kuma ya ce ƙirƙira nake yi, ɗan'uwa, da ƙirƙira ce da na ba kaina gashin kai da mota.

Ga waɗanda suka shigo yau: sunana Mbaruku, amma a nan Tanga kowa Mwalimu yake ce mini, wato Malam, don kimiyya nake koyarwa a sakandare tun iyayen ɗalibaina na yanzu suna zaune a kan bencin. Matata ta rasu da jimawa. 'Ya'ya sun watse, sun bar ni da fanka mai ƙara da wata kyanwa da ba ta ganin girmana. Wadda nake so kuwa Bi Mwantumu ce ta unguwar Ngamiani, mai yi wa amare lalle da kwalliya. Ita ma mijinta ya rasu. Tana da wushirya, tana da dariyar da ke farawa daga kafaɗa kafin ta iso baki, sannan tana da sanduƙi.

Sanduƙin kakarta ne. Baƙin katako, an jera masa ƙusoshin tagulla a jiki kamar zanen lalle. Tsayinsa bai wuce gwiwata ba, tsawonsa kuma idan na ware hannu biyu sai in rungume shi. Amma na taɓa zama a dakalin ƙofar gidan ana shirin bikin wata maƙwabciya, na ga an fito da farantan tangaran da za su ciyar da layi guda, da butocin gahawa, da kofuna, da kaskon turare, da labulen ɗakin amarya, da darduma, da fitilu, da zannuwan kanga da na gaji da ƙirga su. Duk daga cikinsa. Matan unguwa suna cewa albarkar kaka ce, sanduƙin ba ya cika ba ya ƙarewa. Duk mai hidima gidan take zuwa aro.

A ranar ne Bi Mwantumu ta miƙo mini gahawa da alewar kwakwa da suke kira kashata, ta ce, "Mwalimu, kai da ka yi karatu, ta yaya kayan nan suke shiga?"

Da na san tambayar nan za ta cinye mini Asabar ɗin rayuwata, da na ƙara shan gahawa kafin in amsa.

Na gyara tabarau na ce mata katakon ya daɗe a cikin jirgin ruwa kafin ya iso, gishirin teku ya shige shi. Gishiri kuwa yana tsotse iska. Duk abin da aka sa a ciki, sai iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa ta fice, ƙwayoyin su matsu da juna, faranti ya koma kamar ɓawon albasa. Idan aka buɗe, iska ta koma, ya kumbura ya dawo faranti.

Kafaɗunta suka fara motsi. Ta ce, "Ka ci rabi. Ka dawo da gyara."

Na dawo. Asabar ta gaba na ce mata sarari kamar yadi yake, ana iya yi masa tattara irin ta siket, kuma kafintan da ya ƙera sanduƙin ya tattare sararin cikinsa ya kafe kowace tattara da ƙusar tagulla. Ta ce wannan tela ne ya koya mini, na ci rabi da kaɗan. Wata Asabar na ce wata ne yake jan gindin sanduƙin yadda yake jan teku, shi ya sa ake bukukuwa a tsakiyar wata, lokacin da cikinsa ya fi zurfi. Wata kuma na ce duhu ba shi da ma'auni, muddin murfi yana rufe babu haske da zai auna kayan, don haka ba su da girma sai an buɗe. A kan wannan ta yi dariya har ta dafa bango, ta kira maƙwabciya ta ce in maimaita.

Bari in faɗa muku abin da ban faɗa mata ba. Na san amsar tun ranar farko. Babu ranar da kayan nan duka suke ciki. Wasu suna gidan biki a Chumbageni, wasu suna gidan suna a Makorora, wasu ba su dawo daga zaman makoki ba. Kafin waɗannan su dawo waɗancan sun fita. Shi ke nan. To amma idan na faɗi wannan, da me zan dawo wata Asabar? Mutum mai shekaruna ba ya zuwa ƙofar bazawara haka kawai ya ce ya zo ganin wushirya. Sai da dalili na ilimi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi wa bayanina dariya ba: Shangazi Tatu, yayar mahaifin Bi Mwantumu, wadda ba a ɗaura aure a danginsu sai ta gyaɗa kai. Tana zaune a kujerar igiya a bakin ƙofa, da mafici a hannu, tana kallona kamar kifin jiya. Na sha jin ta daga ciki, ba ta ma rage murya.

"Wannan Mwalimun naki, har yaushe zai yi ta shanye mana gahawa? Ya yi maganar aure?"

"Shangazi, yana kan bayani."

"Mai bayani ba ya aure, 'yata. Sai ya gama bayanin kin tsufa."

A haka muke har Farfesa ya iso gari.

Sunansa Shomari. Shi ya ba kansa farfesancin, kuma ya rubuta shi a jikin motarsa tare da hotonsa yana nuna sama da yatsa. Ɗan dabo ne, yana zagaya makarantun firamare da gidajen biki. Yana sa baƙar kwat mai jan ciki a cikin zafin Tanga, kuma ba ya gumi, abin da har yanzu ban yafe masa ba. Gashin bakinsa baƙi wuluk, baƙin da ba a samun sa sai a kanti. Yana da wata jakar fata da ba ta fi ta likita ba, daga cikinta yake ciro laima, da tantabara, da sandar tsintsiya, da kujera 'yar tsugune.

Wata Asabar na zo da sabon bayani a aljihu, mai kyau, game da hayaƙin turare. Na sa rigata mai ruwan ƙasa da na goge da kaina. Ina shan kwana na hango motar. Ina isa na tarar da shi a kan dakali, a daidai gurbina, inda inuwar kwakwa take sauka. A hannunsa kuma ƙaramin kofin nan mai zanen shuɗi da ɗan tsagu a baki. Ban taɓa cewa nawa ba ne, amma kofin ya sani.

"A'a, Mwalimu," in ji Bi Mwantumu. Ta ɗaura kanga mai ruwan lemo, ta maƙala furen yasmin a gefen ɗankwali. Ban taɓa ganin yasmin ranar Asabar ba. "Zo ka ji, Farfesa ya gano sirrin sanduƙi."

"Ma sha Allah," na ce, na zauna a rana.

Farfesa ya ajiye kofin, ya ɗaga yatsu uku. "Kowane akwati a duniya, ranki ya daɗe, yana da tsawo, yana da faɗi, yana da tsayi. Uku ke nan. Mwalimu yana koya wa yara wannan, Allah ya saka masa. Amma akwai ta huɗu." Ya ɗaga ɗan yatsa na huɗu, mai zobe. "Kusurwa ta huɗu. Ido ba ya ganin ta, don ido biyu ne kawai. Kin san yadda motar haya take cika, amma idan kwandasta ya ce kowa ya juya gefe sai a ƙara mutum biyar? To haka kayan suke yi. Suna juyawa gefe, gefen da ba na nan ba. Tagullar nan kuma ita ce kwandasta. Tana rawa a wani sauti da kunne ba ya ji, tana cewa ku matsa, ku matsa."

Na ce, "A wace jami'a aka koyar da wannan?"

"A jirgin ruwa, Mwalimu. Wani injiniya Bajamushe ya koya mini, yana gab da mutuwa."

"Kullum suna gab da mutuwa."

"Jakata ma haka take," ya ci gaba kamar sauro ne ya yi magana. Ya zura hannu har kafaɗa, ya ciro mafici sabo mai geza, ya miƙa wa Shangazi Tatu da hannu biyu. Tsohuwar nan da ban taɓa ganin haƙoranta ba, ashe tana da su.

Kafaɗun Bi Mwantumu suka yi ta motsi. Ta share ido da gefen kanga ta ce, "Wannan kam ya ci duka."

Duka.

Masu karatu, ku fahimce ni. Ba kallon da yake mata ne ya dame ni ba, kowa yana da ido. Ba motar ba ce. Ni da na yi ta dakon ƙarya mai inganci, wadda nake zama in sassaƙa ta in goge ta kamar kujerar sayarwa, ban taɓa wuce rabi da kaɗan ba. Wannan ya zo da kwandasta ya ci duka. Abin da ya fi ci mini rai kuma, a matsayina na mai sana'ar, na san tasa ta fi tawa. Na koma gida da bayanin hayaƙin turare a aljihu ban fito da shi ba.

Bayan la'asar na kasa haƙuri, na ɗauki waya na rubuta mata saƙo.

"Bi Mwantumu, barka da yamma. Babu wata kusurwa ta huɗu da ake ajiye faranti."

Ta amsa nan take. "To ina farantan suke zuwa?"

Na rubuta Chumbageni, na goge. Na rubuta, "Ina kan bincike."

"Farfesa ya gama nasa binciken."

"Bincike ba gudu ba ne."

"Haka Shangazi ma ta ce game da kai."

Na ajiye wayar a kife. Kyanwa ta dube ni ta yi hamma.

Na kira yayata, Dada Hidaya, na kwashe komai na faɗa mata, har da kofin. Ta saurara tana soya wani abu, ina jin ƙarar mai.

"Mbaruku, kana son matar nan?"

"Ba a nan matsalar take ba, Dada. Mutumin yana yaɗa ƙarya a kan kimiyya."

"Kai kuma me kake yaɗawa?"

"Tawa daban ce."

"Ka ce in je in nema maka aurenta, gobe in sa mayafi."

"Sai na fara gamawa da kusurwa ta huɗu."

Ta ce mandazinta zai ƙone, ta kashe.

Ga dabarar da na ƙulla, kuma ina roƙon ku tuna cewa mai digiri ne ya ƙulla ta. Zan samo akwati mai girman sanduƙin daidai. Zan kai shi gidan, a gaban Farfesa da Shangazi, in ce a kwashe duk abin da ke cikin sanduƙin a zuba a nawa. Idan ya shiga, kuma na san zai shiga har da saura, to babu kusurwa, babu kwandasta, babu Bajamushe. Ban tsaya na lura cewa idan kusurwar Farfesa ta mutu, gishirina da watana za su mutu tare da ita ba, har da albarkar kaka da matan unguwa suke alfahari da ita. A lokacin fuskar Shomari kawai nake hangowa tana zubewa.

Ranar Juma'a da safe na shiga kasuwa. Akwati mai girman da nake so ɗaya ne ya rage, ruwan hoda, da makullai masu ruwan zinare, yana cikin ledarsa. Mai shago ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya sanya alheri, Mwalimu. Ai lokaci ya yi." Na ce amin, a raina ina cewa ko 'yan kasuwa sun gaji da 'yan dabo. Na jefa tef ɗin awo da guntun alli a ciki na rufe, na mayar da shi cikin ledarsa.

Daga masallaci ban koma gida ba. Farar doguwar riga a jikina, da hula mai aiki, da turaren Juma'a. Na tare bajaji mai ƙafa uku, na zauna na ɗora akwatin a cinya. Direban ya leƙo ta madubi ya yi murmushi, ya ƙure waƙa, ya kama danna oda tun daga bakin titi har cikin Ngamiani.

Ni haifaffen Tanga ne. Na ga an kai akwatin aure ya fi a ƙirga. Na san launinsa, na san ranar da ake kai shi, na san yadda ake buɗe shi a gaban gwaggonnin amarya a ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Amma a cikin bajajin nan, wallahi abin da nake gani a cinyata ma'auni ne.

Gidan cike yake da mata. Ana bikin 'yar maƙwabta washegari, an zo kwasar kayan aro, ana tankaɗe, ana kankare kwakwa. Farfesa yana kan dakali da farantin shinkafa, shi zai yi wasa a bikin. Na sauko na rungumi akwatin. Wata mata da ke tsince shinkafa a ƙofa ta ɗago kai. Ta dubi akwatin, ta dubi hulata, ta ajiye tire a hankali, ta ɗora hannu a baki ta rangaɗa guɗa.

Kafin in ce wani abu, gida ya ɗauka. Guɗa daga tsakar gida, guɗa daga madafa, guɗa daga gidan da ke kallon nasu. Aka fizge akwatin daga hannuna, wata ta ɗora a ka tana juyi da shi. Aka tura ni falo kamar akuya. Aka shimfiɗa tabarma, aka dire shi a tsakiya, a gefen sanduƙin kaka da ke buɗe.

"Ku tsaya, ai ba…"

"Yi shiru, ango."

Aka kawo kujerar Shangazi Tatu. Ta zauna tana fifita da maficin Farfesa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da hanci.

"Mwalimu, kai da kanka? Mata sun ƙare a danginku?"

"Shangazi, abin da ya faru…"

"Ba komai. Mutumin da ya daɗe yana bayani, idan ya motsa ba a tambayar sa yadda ya motsa. A buɗe."

Aka yage ledar. Aka ɓalle makullan. Aka ɗaga murfi.

Tef ɗin awo. Alli. Da ɗan ƙunshin nan fari da ake sa wa sabon akwati saboda danshi. Wata ta ɗauke shi ta shinshina, ta ce a hankali, "Ko turare ne?"

Sai a lokacin na ga Bi Mwantumu. Tana tsaye a bakin labule, hannayenta biyu a ɗage, lalle ɗanye har wuyan hannu. Ba ta kallon akwatin. Ni take kallo, kuma kafaɗunta ba sa motsi.

Nan take lissafin ya warware mini, irin warwarewar da ke zo wa ɗalibi bayan an karɓe takarda. Idan na ce gwaji na zo yi, kafin magariba duk Ngamiani ta ji cewa an yi wa Mwantumu guɗa a banza, mutumin katako ya zo aunawa. Za ta shiga kowane gidan biki da wannan labari a bayanta.

Shangazi ta nuna akwatin da mafici. "Mwalimu, wannan na mene ne?"

Na ji muryata ta ce, "Na aure ne, Shangazi."

Wata ta fara guɗa, ta ga ita kaɗai ce, ta haɗiye sauran.

"To ina kayan?"

A nan ya kamata in yi shiru. Amma bakin da ya saba ba ya jiran izini. "Ai a kimiyyance, Shangazi, babu abin da ake kira fanko. Ko yanzu akwatin nan cike yake da iska, kuma iska tana da nauyi…"

"Iskar za ta ɗaura?"

Aka kwashe da dariya. Na ji gumi yana bin bayana yana neman hanyar fita.

"A gafarce ni, iyayena." Farfesa ne a bakin ƙofa, yana goge hannu da hankici. "Kada a zalunci Mwalimu. Kaya suna ciki. Ya zuba su ne a kusurwa ta huɗu, cirowar ce bai iya ba. Sabon shiga ne."

Ya tako ya durƙusa a gaban akwatina. Ya ɗaga shi ya nuna wa kowa cikinsa, ya ƙwanƙwasa gindinsa, ya rufe rabi, ya zura hannu. Ya yi kamar yana lalube a rijiya. Sai ga kanga sabuwa dal, kore da baƙi, tana fitowa tana fitowa kamar ba za ta ƙare ba. Falo ya rikice. Ya sake zurawa, sai ga kwalbar turare. Ya sake, sai ga takalma masu duwatsu, na hagu da na dama.

Na ga inda suka fito. Ina tsugune kusa da shi, na ga jan cikin kwat ɗin yana motsi. Ma'ana tun daga gida ya ɗauro su a jikinsa, yana jiran lokacin da zai ba ta. Ni na kawo masa lokacin, a bajaji, da oda.

Ya juyo gare ni, da ladabi kamar ɗalibi. "Ko ba haka ba ne, Mwalimu? Kusurwa ta huɗu?"

Idan na ce daga kwat suka fito, akwatina ya koma fanko a gaban matan unguwa. Idan na ce haka ne, na sa hannu a kan kwandasta da Bajamushe. Na dubi tef ɗin awo, yana nannaɗe a kusurwa ta ɗaya.

Na ce, "Haka ne."

"Ba su ji ba, Mwalimu."

"Haka ne, Farfesa."

Duk shekarun da na yi a gaban allo, ban san suna da nauyi ba sai da na ji sun sauka a kan tabarmar nan.

Wata ta ɗauki takalman ta ajiye a gaban Bi Mwantumu ta ce ta gwada. Ta zura ƙafa. Suka zauna kamar a jikinta aka ƙera su. Wannan ya fi komai. Kanga kowa yana iya saye, turare ma haka. Amma lambar ƙafa? Ni da na yi Asabar a ƙofar nan har dakali ya ɗauki siffata, ban san lambar ƙafarta ba. Shi yaushe ya duba? Da wane ido? A gaban wa?

Shangazi Tatu ta daina fifita. "To yanzu ku gaya mini. Akwatin wa ke nan? Na wanda ya kawo, ko na wanda ya cika?"

Mata suka rabu biyu. Wasu suka ce ai mai akwati shi ne mai akwati. Wasu suka ce ba a auren fata a bar nama. Wata tsohuwa ta ce a zamaninsu da an kori duka biyun da muciya.

Bi Mwantumu ta tako tsakiya, takalman suna ƙyalli. Hannayenta har yanzu a ɗage. Ta sunkuya ta tura murfin akwatin da gwiwar hannu, ya rufe.

"Farfesa," ta ce, "mun ga yadda ake cirowa. Ka ɗauki kangar da turaren ka mayar inda suka fito, mu ga yadda ake mayarwa."

Ya yi murmushi, amma gashin bakin bai bi murmushin ba. Ya naɗe su ya cusa a jakarsa kamar kowa.

"Akwatin kuma?" in ji Shangazi.

"Ya riga ya shigo, Shangazi. A kai mini ɗaki." Ta juya ga matan. "Kwakwar nan ba za ta kankare kanta ba."

Ba ta dube ni ba. Ta shige labule. Takalman kuwa suna ƙafarta. Za ku ce hannunta da lalle, ba ta iya cirewa. Masu karatu, takalmi ne mai buɗaɗɗen baya. Ko kyanwata za ta iya zame shi.

Da ƙafa na koma gida, don ban yarda da masu bajaji ba kuma. Na cire hula, na zauna ƙarƙashin fanka, ina jiran kiran magariba ko kiran Dada Hidaya, duk wanda ya riga. Labari a Tanga ya fi ni sauri. Sai wayar ta yi ƙara. Ba Dada ba ce, saƙon Bi Mwantumu ne.

"Mwalimu, akwatinka yana ƙarƙashin gadona. Namiji ba ya kawo akwati, ka sani na sani. Ka turo yayarka Juma'a mai zuwa da abin da za a zuba, wanda ido biyu yake gani."

Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Na tashi tsaye ba tare da wani dalili ba. Ina tsayen wani saƙon ya shigo.

"Shangazi ta ce in gaya maka, Farfesa ya ce nasa zai iso Alhamis."

Na koma na zauna.

Na fara rubuta mata bayani a kan cewa a al'ada wanda ya fara shigowa shi ne a gaba, ko da fanko ne, na kawo misali da layin asibiti. Ya kai layi goma. Na duba shi, na goge duka. Sannan na rubuta abin da ban taɓa rubuta wa mace ba tun ina saurayi.

"Bi Mwantumu, lamba nawa kike sawa a takalmi?"

Na ga alamar tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Na rantse ina jin kafaɗun nan suna motsi tun daga Ngamiani.

"Ka tambayi Farfesa."

Na mayar da hulata, na nufi gidan Dada Hidaya.